Haruffa a kan shanyar shinkafa

Shekarun baya, kusan tara ke nan yanzu, ina koyarwa a ajin nazare na wata ƙaramar makarantar kuɗi a Gwadangaji, nan Birnin Kebbi. Ku da kuke bibiyata kun sha ganin ina ba iyaye shawara kan yadda ake koya wa ƙananan yara haruffa, har wasunku na ce mini gwana. To yau bari in faɗa muku inda gwanar ta samo abin, don na daɗe ina cin yabon da ba nawa ba.

A lokacin ji nake babu kamata. Ina da takardar NCE, ina da babban allon haruffa mai hotuna da na manna a bango, ina da doguwar sandar nuni. In na buga sandar a kan A, yara su ɗauka gaba ɗaya har masu keken da ke wucewa a titi su ji. Duk yaron da ya gane harafi sai in ce, "A tafa masa!" a yi masa tafi uku, ya koma wurinsa yana washe baki. Akwai iyayen da tun daga unguwar Gesse suke kawo 'ya'yansu saboda ni. Ni kuwa ina tafe ina hura hanci, kai ka ce ni na ƙirƙiro ABC ɗin.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat, ɗiyata. Shekararta huɗu, ita ce ta fari, kuma a ajina take. Waƙar ABC kam ta iya ta daga farko har ƙarshe, har da karya wuya. Amma ka nuna mata harafi ɗaya ka ce mene ne wannan, sai ta ƙura maka ido, ta sa yatsa a baki. Yaran da ba su kai ta wayo ba sun wuce ta. Ni kuma babu abin da nake so a duniya kamar a ce ni ce na buɗe mata ido a karatu. Na buɗe wa 'ya'yan mutane, ya za a ce tawa ta gagare ni?

Kun dai san halinmu da ɗan fari. Ni ma ɗiyar fari ce, kuma har na girma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, sai dai "ke" ko "waccan". Da na haihu ban ma tsaya shawara da kaina ba, haka na ɗauka. A kan wannan kunyar kuma na ɗora wani tsoro irin namu na malamai, kada iyaye su ce Anti na fifita ɗiyarta. Saboda haka tun ranar farko, a bakin ƙofar makaranta, na durƙusa na ce mata, "Daga nan ciki babu Mama, Anti ce. Kin ji?" Ta gyaɗa kai. Na zaunar da ita a layin baya. In ta ɗaga hannu sai in kira na kusa da ita. Ran da aka yi dace ta faɗi daidai, in ce, "To, zauna," in wuce gaba. A raina adalci nake yi.

A gida kuwa, da an yi la'asar zan shimfiɗa tabarma in ɗauko littafi mai layi da fensir. Nan ne ake yin ta. In kama hannunta in ja, ta saki fensirin, in ɗaure fuska, ta fara hawaye. Maigidana ya sha cewa, "Ki bar yarinyar nan ta sha iska mana." In ce masa, "Ɗiyar malama ce fa. Ka san abin da za a ce?"

Shugabar makarantarmu 'yar Filato ce, dattijuwa, ta daɗe a Birnin Kebbi har Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Ƙarshen shekara ita da kanta take gwada yaran nazare ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce aji na gaba. Ran da ta gama da ajina ta kira ni ofis, ta tura ƙofa.

"Malama, zauna," ta ce. "Yaranki sun yi ƙoƙari sosai. Sai dai yarinyarki. Haruffa uku ta gane, su ma ina jin canka ta yi."

Na ce, "Madam, kunya take ji ne. A gida tana yi."

Ta kalle ni ta saman tabarau, irin kallon da ke cewa ni da ke mun san ba haka ba ne. "Ba zan rubuta komai yanzu ba. Ga dogon hutu nan. In an dawo zan sake gwada ta. In ba ta iya ba, ta ƙara shekara a ajinki, ba wani abu ba ne."

A wurinta ba wani abu ba ne. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sati biyun farko na hutun nan na mayar da gidana makaranta. Safe karatu, la'asar karatu. Har ta kai da ta hango fensir sai ta ce cikinta na ciwo. Ga shi ina da ƙaramin ciki a lokacin, laulayi ya sa ni gaba, komai haushi yake ba ni. Ana cikin haka ƙanwata ta zo daga Argungu duba ni.

Bari in gaya muku wace ce ƙanwata. Ita ce autarmu. Daga aji uku na ƙaramar sakandare ta tsaya, ta yi aure a unguwarmu ta Argungu, gidanta da na mahaifiyarmu ba nisa. Sana'arta turara shinkafa: ta sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya, ta kai inji. Lokacin shekararta shida da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. A gidanmu ni ce mai boko, ita ce mai shinkafa, kuma na riƙe wannan bambancin da hannu biyu. Ina da dalili. Tun muna yara ita ce ake kiran sunanta sau goma a wuni, ita ce mai hawa cinya. Boko shi ne abin da ni ma nake da shi wanda ba ta da shi.

Ta dube ni ta dubi yarinyar, ta ce, "Yaya, ba ni ɗiyag ga in tahi da ita, ki samu ki huta. Dibi yadda kir rame. Ita ma dibi wuyanta."

Da farko na ƙi. Da maigidana ya sa baki, sai na haɗa mata kaya, na ɗora littafin nan da fensir a sama. Na ce wa ƙanwata, "Shafi ɗaya kullum, ta kwafa kawai. Kada ki ce za ki koya mata wani abu, rikita ta za ki yi."

Ta yi dariya ta ce, "To, malama."

Bayan wata ɗaya, saura kwanaki a koma makaranta, na shiga mota zuwa Argungu in ɗauko ta. Da hantsi na isa. Tun daga bakin lungu na hango shanyar ƙanwata a filin ƙofar gida, tamfol uku a jere, shinkafa ta sha turare tana ƙamshi a rana. Yaran maƙwabta biyar ko shida sun durƙusa a gefen tamfol ɗaya, ɗiyata a tsakiyarsu, ba takalmi, zani ɗaure a ƙirji kamar 'yar gari. Ƙanwata na tsaye a kansu, hannu a ƙugu. Ba wanda ya gan ni, sai na laɓe a jikin katanga.

"To," na ji ta ce, "wa za ya yi min tsani?"

Nan da nan yatsu suka shiga cikin shinkafa. Layi biyu a tsaye, ɗaya a tsakiya.

"Mi sunanai?"

"H!"

"A shahe!"

Suka sa tafin hannu suka shafe, suka baje shinkafar. Sai a lokacin na gane wayon da ta yi. Shanya dole a riƙa juya ta in ana so ta bushe daidai. Ita tana samun masu juya mata shanya, su suna samun karatu. Ta ce ƙugiyar kamun kifi, suka yi J. Ta ce bakin tulu, suka yi O. Ta ce mai ciki biyu. Kafin kowa ya motsa ɗiyata ta ja layi, ta yi masa ciki sama da ƙasa, ta miƙe tana tsalle, "B! B ne, Mama Ƙarama!" Ƙanwata ta rangaɗa guɗa wadda sai da kaji suka watse, ta sure ta sama, ta juya da ita. Yarinyar nan tana ƙyalƙyala wata irin dariya da ni uwarta ban san tana da ita ba.

Jama'a, ya kamata in yi murna. Abin da na yi wata da watanni ina roƙon Allah ne ga shi a gabana. Amma wallahi ba murna na ji ba. Wani abu ne ya taso ya tokare ni a ƙirji. Kishi ne, tsagwaronsa, ba zan sa masa wani suna ba. Ni da takardata da allona da sandata, shekara guda, babu. Ita da buhun shinkafa, wata ɗaya.

Na fito na yi sallama. Ɗiyata ta juyo ta gan ni. Dariyar ta ɗauke. Ta sauko daga hannun ƙanwata, ta kakkaɓe hannu, ta tsaya ƙyam, ta ce, "Anti, ina kwana."

Wata guda ba ta gan ni ba. Ba a makaranta muke ba, a ƙofar gidan ƙanwata muke. Amma da yake na same ta a kan haruffa, Anti ta gani.

Daga nan na shiga neman laifi. Na kama hannunta na duba, na ce ƙaiƙayin shanshera zai cinye mata fata. Na ce rana ta ƙona ta. Na ce manyan haruffa kawai aka koya musu, ina ƙanana? Na ce ai ba a fara wa yaro daga H, akwai tsari. Na ce a ɗauko littafin da na bayar. Aka ɗauko, fari fes yadda na ba da shi, fensirin ko fiƙe shi ba a sake yi ba. Na ɗaga shi sama kamar na kama ɓarawo. Ƙanwata sai murmushi take yi. Ɗiyata kuwa da ta ga littafin, ta zagaya ta ɓuya a bayan zanin ƙanwata.

Da muka shiga gidan mahaifiyata, akwai wata kalanda a bangon ɗakinta. Na kira yarinyar na fara nuna mata haruffan jiki, ba a jere ba, ina tsallake-tsallake, ina zaɓo masu wuya. Allah ya yafe mini, so nake ta faɗi. So nake a ga cewa wasan ƙasa ne kawai, a takarda ba za ta iya ba. Kafin ta amsa kowanne sai ta waiga ta kalli ƙanwata, ita kuma ta ɗaga mata gira, sannan ta faɗa a hankali. Biyu kacal ta kuskure. Na ce, "To, ba laifi," na ajiye maganar.

Bayan azahar muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Yara suka fita. Mahaifiyata ta wanke hannu, ta gyara zama, ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ke, na yi magana da mijinki. Ya ce abin da kic ce shi na. Ki bar ma ƙanwarki yarinyag ga. Ga makaranta nan kusa da mu. Kin ga yadda tas sake, har ta yi kumatu, ga karatu ya zamna. Ke ko ga wani nan tahe."

Na san wannan maganar, don a kaina aka taɓa yin ta. Ina shekara biyar aka ba da ni ga goggona a Nasarawa, can na tashi, can na yi boko. A wurinmu ba baƙon abu ba ne. Ɗan fari na dangi ne, kuma uwa ba ta buɗe baki ta ce tana son nata, balle a gaban mahaifiyarta, balle kuma wadda za a ba ɗin 'yar'uwarta ce da ba ta samu nata ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Inna." Na saci kallon ƙanwata. Kanta a ƙasa tana tattara kwanuka, amma na ga yadda fuskarta ta yi haske, tana ta ƙoƙarin ɓoyewa.

Na kasa zama. Bayan ɗan lokaci na bi ta gidanta. Na same ta a bayan ɗaki tana iza wuta ƙarƙashin duron turare, hayaƙi da tururi sun cika wurin. Abin da na kasa faɗa wa mahaifiyata, a kanta na sauke shi.

Na ce, "Ashe abin da kika shirya ke nan? Ki koya mata zane a cikin shinkafa don a ce kin fi ni, sannan ki raba ni da ita?"

Ta ɗago. "Yaya..."

"Wasa da shanya ba karatu ba ne. Ni shekara uku na yi ina koyon aikin nan. Ke aji nawa kika yi da za ki nuna mini yadda ake koyar da yaro?"

Har yau in na tuna wannan kalmar sai na runtse ido. Ta ƙara tura itace ɗaya, ta goge idonta da gefen zani. Ban sani ba ko hayaƙi ne.

"Yaya, ni ban san koyarwa ba," ta ce. "Littahin da kib ba ni, ran hwarko ina buɗe shi tah hwara kuka, nir ruhe nij je na aje. Ban yi niyyar koya mata komi ba, tunda kin hana. Rannan tana wasa cikin shanya, taj ja layi da yatsa. Nic ce, lah, kin rubuta I! Niy yi mata guɗa, da wasa. Sai tat tsaya tana kallona. Tac ce, Mama Ƙarama, ni kiy yi ma? Nic ce ke mana. Tac ce, a ajinmu Anti tana cewa a tahwa ma kowa, ni ba a tahwa min."

Na buɗe baki in ce ƙarya ne. Sai na tsaya ina lalube a cikin kaina, tun daga ranar farko ta shekarar har ta ƙarshe, ina neman rana ɗaya da na ce a tafa mata. Ina ganin fuskokin yaran da aka yi wa tafi ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya yi fitsari a wando ran nan ya gane C aka tafa masa. Ban samo tata ba. Akwai wani turmi a kife a wurin, na zauna a kai.

"Shi ke nan abin da niy yi, Yaya," ta ce. "Guɗa. Sauran duk ke kik koya mata. Yana cikin kanta, tsoro ya hana shi hitowa." Sannan ta ƙara da cewa, "Maganar riƙo ko ba ni nit tada ta ba, Inna ta. Amma ba ni yi miki ƙarya. Ina so. Ina so ƙwarai."

Za ku zaci a nan kishin ya mutu. Ina! Ƙaruwa ya yi. Da ina kishin ta koya mata haruffa, yanzu kuma ina kishin ita aka gaya wa. Shekara huɗu yarinyar nan tana kwana tana tashi a ɗakina, abin na cin ta, ba ta faɗa mini ba, sai da ta zo Argungu. Na ga in na bar ta a nan, nan da shekara biyu ni Anti ce har abada, waccan ce Mama. Kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

Ban ba ƙanwata haƙuri a lokacin ba, girman kai bai bar ni ba. Na tashi na koma wurin mahaifiyata. Tana zaune a tabarma da carbi. Na durƙusa a gabanta.

Na ce, "Inna, na ce to ɗazu, amma ba har zuciyata ba. Ba zan iya barin ta ba. Ɗiyata ce, ina son ta. Ina son abata."

A rayuwata ban taɓa tunanin zan furta haka a gabanta ba. Ta tsayar da jan carbin. Ta daɗe tana kallon ƙofa.

"Ba ki da kunya," ta ce.

Na ce, "Na sani, Inna."

"Boko ya ɓata ku." Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Tahi da abinki."

Na yunƙura zan tashi, sai na ji ta ƙara magana, ƙasa-ƙasa, kamar ba da ni take ba. "Da ni ma na iya hwaɗin haka ran da anka zo ɗaukar ki."

Ban juyo ba, don na san in na juyo mu biyun duka za mu ji kunya. Na fita tsakar gida na yi kukana a bakin randa.

Ni da kaina na je na gaya wa ƙanwata. Ta ce, "To, Yaya. Ai ɗiyarki ce." Ta yi wa yarinyar wanka, ta shafa mata mai, ta haɗa kayanta tsaf. Ta ƙulla shanshera a leda ta tura cikin jakar, ta ce ko za ta so yin rubutu a can. Da muka tashi tafiya ta ce ba za ta iya raka mu tasha ba, hadari na haɗuwa, sai ta kwashe shanya. Na ɗaga kai na duba. Ɗan gajimare ne can gefen gabas, wanda ko kaza ba zai jiƙa ba. Muka bar ta sunkuye tana tara shinkafar da ba ta gama bushewa ba.

A mota ɗiyata ta yi ta kuka tana kiran Mama Ƙarama har muka wuce Ambursa, sannan barci ya ɗauke ta a cinyata. Ni ce na yi nasara, ga yarinya a hannuna. Amma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Washegari na juye shansherar nan a faifai na ajiye a tsakar gida, ban ce mata komai ba. Ta zagaya ta zagaya, sannan ta durƙusa ta ja wani harafi, ta ɗago tana kallona a tsorace. Na tattaro duk ƙarfina na yi guɗa. Ku sani, ni ban iya guɗa ba, a gidan goggona ba a koya mini ba. Abin da ya fito ya fi kama da kukan akuyar da aka taka wa ƙafa. Maigidana ya leƙo daga ɗaki yana tambayar lafiya. Yarinyar ta kalle ni, ta kalli babanta, sai ta faɗi ƙasa tana dariya. Ta ce, "Mama, ba haka ake yi ba!" Ta shafe ta sake rubuta wani, don in sake yi ta sake dariya.

Da aka koma makaranta shugabarmu ta gwada ta, ta wuce aji na gaba, wurin wata malama. Ke nan tafin nan uku da na hana ta a ajina, ban samu damar biyan ta shi ba. Ya wuce ke nan.

Ni kuma na sa aka samo mini tsofaffin faranti, na zuba yashi, na jera a ajina. Tsani, ƙugiya, bakin tulu, mai ciki biyu, duk na kwaso su ban bar ko ɗaya ba. Kafin ƙarshen zango yara sun kama haruffa fiye da kowace shekara. Shugabarmu ta shigo ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malama, a ina kika samo wannan dabara?" Na gyara mayafi na ce, "Tunani ne kawai, Madam." Har wasu malamai aka turo su zo su gani a wurina. Ko sau ɗaya ban ce ta ƙanwata ba ce. Haƙurin da ban ba ta ba a bakin duro, sai da na haihu ta zo zaman jego sannan na ba ta, shi ma a gurguje, muna wanke-wanke.

Yanzu yarinyar tana sakandare, ta fi ni tsawo. Duk dogon hutu a Argungu take yin sa, ban taɓa hanawa ba. Ƙanwata har yau Allah bai kawo ba, amma ƙofar gidanta ba ta rabuwa da yaran unguwa a bakin shanya. Ni kuma na daina kunyar ɗiyata, a gaban kowa nake yabon ta, har mahaifiyata ta gaji da harara ta ƙyale ni. In kuna neman darasi, shi ke nan abin da nake da shi: yaro ba ya sanin kunya kike ji ko adalci kike yi, abin da ya gani kawai ya sani.

Amma kada in yi muku ƙarya in ce na warke. Hutun da ya wuce na je ɗauko ta, muna zaune a tsakar gidan ƙanwata, wata baƙuwa ta ji tana karanta wa kakarta takardar magani. Ta ce, "Masha Allah, ɗiyar malama. Ai dole, mamarki ta koya miki tun kina ƙarama." Yarinyar nan ko tunani ba ta tsaya yi ba, ta ce, "A'a, Mama Ƙarama ce ta koya min." Na ji abin nan na da ya soke ni a daidai inda ya saba. Na yi dariya tare da kowa, don gaskiya ta faɗa.

Da baƙuwar ta tafi, yarinyar ta shiga haɗa kaya, na ce wa ƙanwata cikin wasa, "Kin san har yau ina kishinki a kan haruffan nan?"

Tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Yaya. Ke kina kishin haruffa ashirin da shida. Ni ko ina kishin wadda ka tashe ta kullum da sahe."

Daga ɗaki yarinyar ta ƙwala kira, tana tambaya wa ya ga ɗankwalinta. Ta ce "Mama" ne kawai, mu biyu muka amsa.